Shekarar farko ta fosdok: ina lokacinku ya tafi?

Sabuwar Dakta: Assalamu alaikum. Na kammala digirin dakta a ƙididdiga, an kuma ba ni gurbin fosdok, wato aikin bincike na bayan digirin dakta, na shekara 2 a wani rukuni mai nazarin bayanan ƙwayoyin gado. Lissafi ba ya ba ni tsoro, amma rabona da ilimin halittu tun sakandare. Waɗanda suka riga ni, don Allah me ya cinye muku shekarar farko?

Mai Jinom: Wa alaikumus salam, Dakta, barka da arziki. Ni jiran izini ne. Bayanan jikin mutane ba a sauke su haka kawai. Sai kwamitin ɗa'a ya duba, an kuma sa hannu a yarjejeniya. Wata biyar na yi ina jira. Ki matsa a fara cike takardun tun kafin ki isa, kafin nan ki riƙa koyo da bayanan 1000 Genomes, wani aikin ƙasa da ƙasa da ya tattara jinom (dukan bayanan gadon mutum) na mutane daga al'ummomi daban-daban, tunda kowa yana iya ɗauka.

Ɗan Kwamfuta: Malama, kafin ki taɓa komai ki tambaya a kan wane tsarin jinom, wato samfurin da ake gwada na kowa da shi, aka jera bayanan. Akwai GRCh37, akwai GRCh38 da ya fito a 2013, kuma gurbi ɗaya a jikin jinom lambarsa daban take a kowanne. Na haɗa fayil biyu ban duba ba. Manhaja ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta watsar da mafi yawan guraben shiru. Mako uku ina zargin lissafina, ina kwana a gaban kwamfuta, ashe matsalar tana layin farko na fayil. Tun daga nan duk matakin da na ɗauka sai na ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fito.

Yaya Babba: Ƙanwata, nawa ya fi ciwo. Na samu gurbin da ya tsallake ma'aunin 5×10⁻⁸, wato iyakar da ake bi kafin a ce gurbi yana da alaƙa da cuta, har na sanar da shugaban rukuni. Da na sa bambancin asalin mahalarta cikin lissafin, alamar ta ɓace. Marasa lafiya da masu lafiya ba daga jama'a ɗaya aka ɗebo su ba, abin da na gano ke nan, ba cuta ba. Wannan kuwa fanninki ne, za ki fi mu saurin kama shi. Ki tuna ma UK Biobank, rumbun bayanan lafiya da gado na Birtaniya, da mahalarta kusan 500,000, mafi yawansu asalin Turai ne, shi ya sa hasashen da aka gina a kansa yake raguwa a kan 'yan asalin Afirka.

Mai Jinom: Kuma kada ki buɗe jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel. Sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata yake mayar da su, har sai da aka sauya musu suna.

Tsohon Fosdok: Ni taimakon mutane ne ya cinye ni. Kowa ya kawo bayanansa na yi masa nazari, sunana ya fito a tsakiyar jerin marubutan maƙala shida, babu ko ɗaya da nake na farko. Da na nemi tallafin bincike, abin da aka fara tambaya ke nan. Yanzu a kamfani nake, ina jin daɗin aikin, amma ba haka na tsara ba. Dakta, kafin ki sa hannu ki tambayi shugaban wane aiki ne naki na kanki.

Sabuwar Dakta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, wannan tambayar a rubuce zan yi masa, ko sai mun haɗu?