Farin Ruwa da Ƙaiƙayin da Ke Dawowa Bayan An Sha Magani

Sista Ungozoma: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙorafin da ya fi yawa a ɗakin awo da na tazarar haihuwa shi ne mace ta sha maganin sanyi, ta samu sauƙin sati biyu ko uku, sai abu ya dawo sabo. Ina roƙon ma'aikatan lafiya da ke cikinmu kowa ya kawo abin da yake gani a wurin aikinsa. Ni zan fara da rarrabewa, don tun daga nan ake ɓata hanya.

Akwai ruwan da lafiya ne. Wajen tsakiyar tsarki mace kan ga ruwa garai-garai mai yauƙi, ba wari, ba ƙaiƙayi. Alamar fitar ƙwai ce, kuma mai ciki ma ruwanta kan ƙaru. Wannan ba ya buƙatar ko ƙwaya ɗaya. Na cuta kuwa iri-iri ne. In fari ne mai kauri, gudaji-gudaji kamar kindirmon da ya tsinke, ga ƙaiƙayi mai hana barci amma babu wari sosai, yawanci candida ce, wata ƙwayar cuta mai kama da yis. In tsinkakke ne mai ruwan toka, yana ƙarnin kifi musamman bayan saduwa ko bayan al'ada, ƙwayoyin da ke gadin wurin ne suka ragu wasu suka mamaye. In ruwan ɗorawa ne ko kore-kore mai kumfa, da zafi wajen fitsari, sai a yi zargin trichomonas, wanda ta saduwa ake ɗaukarsa. Maganin candida daban yake da na sauran biyun. Mai candida ko ta shanye kwalin Flagyl ba za ta daina susa ba.

Hajiya mai Famasi: Wa alaikumus salam, Sista. Abin da nake gani a shagon magani shi ne haɗin gambiza: Ampiclox, Flagyl, cipro da fluconazole a ƙulle a leda ɗaya, na kwana uku. Wannan haɗin shi da kansa yake haifar da candida, domin Ampiclox da cipro suna kashe ƙwayoyin kirki na gaba, su bar mata fili.

Ga yadda ya kamata. Candida: clotrimazole na matsawa, 500mg sau ɗaya, ko 200mg dare uku, ko 100mg dare shida. A wanke hannu, a kwanta, a tura shi can ciki lokacin barci. Wadda ta saka da safe ta tashi tana aikin gida, rabinsa a wando zai ƙare. A haɗa da man shafawarsa a waje sau biyu a rana. Ko kuma fluconazole 150mg ƙwaya ɗaya tak, amma banda mai ciki. Mai ciki na matsawa za ta yi, na tsawon kwana shida zuwa bakwai, kuma da yatsa, ba da abin turawa ba.

Mai ƙarni: metronidazole (shi ne Flagyl) 400mg safe da yamma, kwana bakwai cif. A duba kwali, don akwai na 200mg, kuma mata da yawa rabin magani suke sha ba su sani ba. Yana sa ɗaci a baki da tashin zuciya, shi ya sa ake yar da shi a rana ta uku da zarar wari ya ɗauke. A sha bayan an ci abinci, a kammala.

Ƙari ɗaya: man clotrimazole yana raunana kwaroron roba, zai iya fashewa.

Malam na Lab: Hajiya ta gama magana a kan magani, ni kuma a kan gwaji nake da kuka. Mace ta shiga wanka ta wanke ciki tas da sabulu, ga ta a rana ta huɗu da fara shan magani, sannan ta zo a ɗauki ruwan gaba. Me za mu gani? Idan za a zo gwaji, kada a wanke ciki, kada a saka komai na kwana biyu zuwa uku, kada a zo cikin jinin al'ada, kuma a faɗa mana in ana kan wani magani. Sannan a ɗauka a kusa da inda za a duba. Trichomonas da motsinsa ake gane shi a madubin gwaji, kuma in samfur ya daɗe a hanya ya bushe, motsin ya tsaya, sai a rubuta ba a ga komai ba.

Sai batun staph, wanda ya cinye kuɗin mata ba kaɗan ba. Staphylococcus yana zaune a fatar mutane masu lafiya. Auduga ta gogi fatar waje kafin ta shiga, sai ya tsiro a faranti, a rubuta a takarda, mace ta rikice ta shiga allurai da jiƙo wata da watanni. Sau da yawa ba shi ne ke kawo ruwan ba. Takardar sakamako a kai wa wanda ya duba ki, ya haɗa da abin da ya gani da idonsa. Ku sani kuma chlamydia, wata cutar saduwa, ba ta fitowa a wannan gwajin na yau da kullum, don haka takarda mai tsabta ba ta wanke ta ba.

Anti Nas: Ni wajen kayan matsi zan tsaya, kuma don Allah 'yan uwa ku yi haƙuri da ni, abin yana ci min rai. Gaban mace yana da ɗan tsami na halitta, wanda wasu ƙwayoyi masu amfani ke samarwa, shi ne katangarsa. Sabulu a ciki, ruwan Dettol, alif, miski, kanumfari, tafarnuwa, garin da aka saya a kwalba ba a san me ke ciki ba, duk suna rushe wannan katangar. Alif da bagaruwa suna tsuke fata ne saboda sun busar da ita, kuma busasshiyar fata tana tsagewa wajen saduwa. A gadon dubawa ana ganin wurin ya yi ja jawur, da ƙananan tsaga a bakin ƙofa, wani lokaci da guntun abin da aka cusa ya maƙale ya yi baƙi. Irin wannan tsagar ƙofa ce ga kowace cutar saduwa, har da HIV. Mace ta warke da magani, ranar da ta gama ta koma matsi don ta gyara jiki, bayan sati biyu ƙarni ya dawo, sai ta ce magani ne jabu.

Tsarki da ruwa zalla a waje ya wadatar, daga gaba zuwa baya. Abin da ake mantawa shi ne busarwa. Mace tana tsarki sau da yawa a yini, in kowane lokaci ta mayar da wando a kan jiƙaƙƙen jiki, ga zafin Afrilu, ga wandon roba da siket da zani, wurin ba zai bushe ba har dare. A ajiye ƙaramin tawul na wannan aikin kaɗai, a riƙa wanke shi ana shanyawa a rana. Wando na auduga, kuma a daina shanya shi a bayan ƙofar banɗaki saboda kunya. Audugar al'ada a canza duk awa huɗu zuwa shida. Mai amfani da ƙunzugu ta wanke da sabulu, ta ɗauraye sosai, ya sha rana ko a goge shi da dutsen guga.

Maman 'Yan Biyu: Anti, to masai fa? Kullum ana ce mana daga banɗakin haya ko na makaranta ake kwasowa. Kuma dole ne maigida ya sha magani?

Likita: Maman 'Yan Biyu, zama ko tsuguno a masai ba ya kawo ɗaya daga cikin waɗannan. Candida da mai ƙarni daga jikin mace suke tasowa in yanayin wurin ya canza, har budurwa tana iya samun candida. Trichomonas, ciwon sanyi na gonorrhoea da chlamydia kuwa ta saduwa suke zuwa.

Game da maigida, ya danganta. A candida ba sai ya sha ba, sai in shi ma yana da ja ko ƙaiƙayi. A waɗannan ukun na saduwa kuwa dole ne, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, domin maza da yawa ba sa jin komai. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowa da kowa za a yi wa magani a lokaci guda, a kuma dakata da saduwa har sati ɗaya bayan an fara, in na kwana bakwai ne sai an kammala. In uwargida ta sha a wannan watan, amarya ta sha a wata mai zuwa, cutar zagaye kawai take yi. Na san faɗar wannan magana a gida da nauyi, don haka ki ce likita ya ce ku zo tare, mu za mu yi bayanin.

Gonorrhoea da chlamydia su ne abin tsoro, don suna hawa sama su toshe hanyar ƙwai shiru, sai an shekara uku ana neman haihuwa a gane. Maganinsu allurar ceftriaxone da doxycycline 100mg safe da yamma na kwana bakwai. Doxycycline a sha da ruwa cikakken kofi, kada a kwanta nan take, kada a haɗa da nono ko maganin ƙarin jini a lokaci ɗaya. Mai ciki ba ta shan sa, azithromycin ake ba ta.

Wadda candida ke dawo mata sau huɗu a shekara, a gwada sukarinta kafin a sake rubuta mata komai.

Jami'ar Lafiya ta Karkara: Likita, a ƙara da tsargiya. A garuruwan noman rani irin na wajen Kura da Haɗeja, mata da 'yan mata suna wanki da wanka a kanal. Ƙwan tsutsar yana zama a bakin mahaifa, ya kawo ruwa, ƙaiƙayi da ɗigon jini bayan saduwa, a yi ta ba da maganin sanyi a banza, har a zargi yarinya da abin da ba ta yi ba. Tambaya ɗaya ce ke buɗe hanya: kina shiga ruwan rafi ko dam? Maganinta praziquantel, gwargwadon nauyin jiki, 40mg a kowane kilo, bayan an ci abinci.

Sista Ungozoma: Allah ya saka da alheri. Akwai waɗanda ba na kemis ba ne ko kaɗan: ciwon mara da zazzaɓi, zafi can ciki lokacin saduwa, gyambo ko ƙuraje a gaba, ruwa mai yawa ya tsinke wa mai ciki, jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Biyun ƙarshe, musamman in da ruwa mai ɗoyi gauraye da jini, a je a duba bakin mahaifa saboda sankara, gwajin 'yan mintuna ne. Masu 'ya'ya mata 'yan shekara 9 zuwa 14 kuma, tun Oktoban 2023 aka shigar da rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa, cikin alluran yau da kullum a Najeriya, kyauta ne, ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku.