Bindigar toka ta gado: ta Turai ce ko ta Arewacin Afirka?

Assalamu alaikum. Akwai tsohuwar bindigar toka a gidanmu a unguwar Birni, Damagaram, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, mai dutsen ƙanƙara. Dattawa sun ce tun zamanin Sarki Tanimu take, lokacin da fatake ke kawo bindigogi daga Tarabulus.

Siffarta ce ta rikita ni. Bututun dogo ne siriri, an ɗaure shi da zobban tagulla, gindin kuma mai faɗi irin na mutanen Magrib, a Arewacin Afirka. Amma kusa da kunamar akwai hatimi mai siffar ƙwai da tsatsa ta cinye, harafin E kaɗai ke fitowa. Na san a Liyej ta Beljiyam ana buga ELG cikin irin wannan da'ira a kan bindigogin da aka gwada.

Na jiƙa wurin da kananzir, na goge da tsumma da buroshi mai laushi, bai ƙara fitowa ba. Wani maƙeri ya ce a kankare da sanfefa, na ƙi, don sauran hatimin zai tafi.

Masana, ta yaya zan fito da sauran haruffan ba tare da na cinye ƙarfen ba?