Shin labarin Revan yana cikin ingantaccen tarihin Star Wars?

Auwalu:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Kamfanin BioWare ya fitar da wasan bidiyo na Knights of the Old Republic a 2003 da cikakken lasisi daga Lucasfilm, kamfanin da ke da haƙƙin Star Wars, amma ga shi yanzu ana cewa labarin Revan, babban jarumin wasan, ba ya cikin ingantaccen tarihin Star Wars. Ta yaya abin da mai haƙƙi ya sa wa hannu da kansa zai wayi gari ba a lissafa shi?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, lasisi izini ne na amfani da suna da jaruman labari domin a ƙera wasa a sayar, ba alkawari ba ne cewa labarin zai dawwama. Bayan Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 kan dala biliyan 4 da 'yan kai, sai aka sanar a Afrilun 2014 cewa tsofaffin littattafai da wasanni sun koma ƙarƙashin tambarin Legends, wato labaran da ba a lissafa su cikin ingantaccen tarihi, aka bar finafinai shida da shirin The Clone Wars a matsayin ingantattu, domin masu shirya sababbin finafinai su samu sakewa.

Bashir:
Malama, a shari'ance kina da gaskiya, amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kamfanin yake komawa yana tsintar abin da ya ga dama daga cikin abin da ya ajiye. Thrawn, wani kwamandan mugaye da aka ƙirƙira a wani littafin Star Wars na 1991, an dawo da shi a shirin Rebels a 2016, alhali labarin Revan na nan a rataye.

Malam Nura:
Akwai wata matsala da ta keɓanci wasannin bidiyo. A wasan 2003, mai wasa ne yake zaɓar ko Revan namiji ne ko mace, kuma shi yake yanke ko zai bi ɓangaren haske ko na duhu, saboda haka ƙarshen labarin ba ɗaya ba ne. Tun kafin zuwan Disney, sai da Lucasfilm ya tsayar cewa namiji ne kuma haske ya bi, wanda hakan ya soke zaɓin 'yan wasa da dama. A ganina shi ya sa wasan Jedi: Fallen Order na 2019, wanda kamfanin Respawn ya yi ƙarƙashin lasisin kamfanin EA, ya bi layi ɗaya tilo: duk wanda ya riƙe Cal Kestis, jarumin wasan, ƙarshe ɗaya zai tarar.