Fedar keken tirayal: mai keji ko mai ƙusoshi? Kowa ya faɗi abin da ƙafarsa ta gani

Auwal_Manchesta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu keken tirayal na hannu, wato keken wasan hawa duwatsu da sauran shingaye ba tare da sauke ƙafa ƙasa ba, mai taya inci 26, wajen wani Bature da ya bar wasan saboda ciwon gwiwa. Komai nasa lafiya lau, birki na kamawa yadda ake so, amma fedar da ke jiki ta roba ce irin ta keken zuwa cefane, haƙoranta duk sun shafe. Garin nan kuma kun san shi da ruwan sama. Da takalmi ya ɗan jiƙe, in na ɗaga tayar gaba na buga feda don in yi tsalle a kan ta baya, sai ƙafa ta sulluɓe. A shagunan intanet iri biyu nake ta gani: mai keji, wato wadda aka zagaye da siririn ƙarfe mai haƙora, da kuma mai faffaɗar fuska da ƙananan ƙusoshi a tsaitsaye. Kuɗin ɗalibi ne, ba zan iya sayen biyu ba. Don Allah wanda ya taɓa taka ɗaya daga ciki ya gaya mini yadda ta kasance masa, ba abin da ya karanta ba.

Kawu_Ɗanlami (Sabadel, Kataloniya)

Wa alaikumus salam Auwalu. Ni yanzu ba na hawa sosai, ɗana ne ke zuwa kulob, amma ni ke biyan kuɗin kaya, ni ke kwancewa da ɗaurawa a gareji, don haka ina da ta cewa.

Nan yankin ne mahaifar wasan. Pere Pi, wanda ya kafa kamfanin kekunan tirayal na Monty a 1983, ɗan nan ne, kuma ɗansa Ot Pi ya daɗe yana cin kofin duniya. In ka je filin atisaye ranar Asabar ka sunkuya ka dubi ƙafafun yaran da ke shiga gasa, mafi yawa keji za ka gani. Dalili biyu ne. Na farko ba ta da nauyi. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a ganina, tsakiyarta rami ne, haƙoran suna gefe-gefe, saboda haka in ka taka, ƙasan takalmin yana lotsawa ciki haƙoran su cije shi gaba da baya. A kan jiƙaƙƙen dutse ko gungumen itace mai gansakuka, inda yaro zai tsaya cak a tayar baya yana neman inda zai faɗa, wannan cizon shi ne komai. Laka ma ba ta zama, ta ramin take zubewa.

Kejin yana lanƙwasa, wannan dole ne, musamman ɓangaren da mutum ya fi yin tsallen gefe ta wajensa. Amma ƙananan sukurori ne ke riƙe da shi, sai ka kwance ka miƙe shi da filaya ko ka sa sabo, ba sai ka sayi feda gaba ɗaya ba. In haƙoran sun dakushe, na kan ɗaure fedar a bais in bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari. Akwai wata ta kamfanin VP na Taiwan mai keji biyu, ciki da waje, mai arha, wadda tsofaffin 'yan wasa suka sani sarai. Dabarar da aka saba ita ce a cire kejin ciki a bar na waje, ramin ya ƙara zurfi.

Gaskiya ɗaya dai: ka sayi kariyar ƙwauri a rana guda da fedar. In ta kuɓuce ta juyo, abin da take yi wa ƙwauri ba shi da maraba da abin da magurji ke yi wa kuɓewa.

Ummi_inci24 (Edinbara)

Kawu ina gaisuwa, amma ka ba shi amsar 'yan gasa ne, shi kuwa a Manchesta yake. Yaya Auwal, ina za ka fi hawa? In katangun cikin gari ne da matakala da bencin siminti, to tunanin ya sha bamban.

Na taka keji na wani lokaci, abin da ya raba mu ciwon tafin ƙafa ne. Duk nauyina a kan siraran layuka biyu yake, in na diro daga katanga sai in ji shi har cikin ƙashi, bayan awa guda kuwa ƙafar ta yi tsami. Da na koma mai faffaɗar fuska, dirar ta bazu a duk tafin, na daina ɗingishi in na tashi da safe. Kuma irin hawanmu na titi, wanda Danny MacAskill ya fito da shi duniya daga garin nan a 2009, akwai gudu a ciki, akwai juyi, wani lokaci kana so ka ɗan gyara zaman ƙafarka kafin ka isa bakin matakala. Keji mai kaifi ba ya barin ka. Inda ka sa ƙafa nan ta zauna, in ka sa ta a karkace sai dai ka ɗaga gaba ɗaya ka sake.

Yanzu Race Face Chester nake takawa, jikinta na roba mai tauri ne amma ƙusoshin ƙarfe ne, takwas kowace fuska. Kar ka haɗa ta da irin wadda ke jikin kekenka, ba danginsu ɗaya ba. Abin da na fi so, in ta daki siminti zamewa take yi ta wuce, ba ta kafewa ta jefar da ni, kuma da hunturu ba ta ɗaukar sanyi ta kai wa ƙafa yadda alminiyom ke yi.

Kawu_Ɗanlami

Ummi 'yata, maganarki tana kan hanya wajen ciwon ƙafa. Amma sau da yawa laifin takalmi ne mai laushin ƙasa fiye da kima. Yarana takalmansu na da ɗan tauri a tsakiya, kuma ba sa yini a kan keke, minti biyu ne a kowane sashe na filin gasa su sauka su huta. Wanda zai yi yawon gari tun azahar har magariba, na yarda, ba ɗaya ba ne.

Auwal_Manchesta

Na gode ƙwarai. Hawana rabi da rabi ne: akwai wani fili da aka jibge manyan duwatsu da katakan ɗora kaya, can nake koyon tsalle, sauran kuma cikin gari. Takalmina kambas ne na gudu, mai tudu-tudu a ƙasa.

Injiniya_Bala (Gwangzhu)

To ai ga rabin matsalarka nan, ƙanina. Takalmin gudu ƙasansa soso ne da ramuka, ƙusa ba ta samun inda za ta kama, in ta kama kuma yaga shi take yi. Ko wace feda ka saya, in ka hau da wannan takalmin za ka ce an cuce ka. Nemi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba. Takalmin Five Ten, kamfanin da Adidas ta saya a 2011, shi ne aka fi sani saboda robarsa mai danƙo, amma yana da tsada. Takalmin 'yan sikati mai ƙananan gidaje a ƙasa ma yana yi, ƙusoshin suna shigewa gidajen.

Ni abin da zan ƙara shi ne abin da ba a gani a hoto, wato sandar da ke cikin fedar. A keken yawo mutum yana zaune a sirdi, feda tana ɗaukar kaɗan daga nauyinsa. Keken tirayal yawanci ba sirdi, duk nauyinka a kan feda biyu yake, kuma kullum dira kake yi. Nan kasuwa cike take da fedoji masu kyan launi, ja da shuɗi da ruwan gwal, sirara, marasa suna, a kuɗin kwanon taliya biyu. Na sa wata irin wannan, na diro daga wani dakali da bai kai ƙuguna ba, sandar dama ta lanƙwashe. Ba ta karye ba, amma tun daga nan duk juyi sai in ji ƙafata tana rawa, gwiwa ta fara ciwo. Da na kwance na ga sandar siririya ce sosai wajen da ta shiga jikin fedar. Ka tabbata an rubuta sandar ta ƙarfen kuromoli mai ƙwari ce, kuma kamfanin yana da suna da zai ji kunyar ɓatawa.

Ta titaniyam kuwa bar wa masu ƙirga giram. Tana da tsada, kuma kamfanoni da yawa suna rubuta iyakar nauyin mai hawa a kwalinta. Ni da tuwo ya zauna mini, ban ma tsaya karantawa ba.

Maganar maganiziyam: Wellgo MG-1 ta yi zamani a wajen 'yan tirayal saboda guda biyun ba su kai giram 400 ba kuma ba tsada. Sai dai maganiziyam ƙarfe ne mai laushi. Wata mara suna da na yi amfani da ita, da ƙusa ta daki dutse ba ƙusar ce ta karye ba, ramin da take ciki ne ya yage ya fita da ita, kuma babu yadda za a mayar. Don haka in za ka ɗauki mai ƙusoshi, duba wadda ake ɗaura ƙusar ta baya, kan alankin yana ɓoye a ƙasa. Waɗanda ake ɗaurawa ta sama, da kan ya goge a dutse alanki ba ya shiga, sai ka koma kokawa da filaya.

ƊanTudu_Jos

Ku kuna maganar zaɓi, mu nan abin da ya zo a gwanjo shi ne zaɓi. Ba ni da keken tirayal na ainihi, keken dutse ne ƙarami na sauke sirdin har ƙasa, muna zuwa wajen duwatsun Shere da abokaina muna gwada abin da muke gani a YouTube. Dutsen nan kaifi gare shi, feda ba ta daɗewa da kyanta.

Abin da na koya, wanda ba shi da shagon da zai aiko masa kaya cikin kwana biyu ya nemi fedar da za a iya buɗewa. Akwai masu boris a rufe, suna juyawa sumul, amma ran da suka fara kaɗawa sai ka samo daidai lambarsu. Masu ƙwallayen boris a sake kuwa, kowane mai gyaran keke a Taminus zai buɗe, ya wanke da kananzir, ya zuba sababbin ƙwallaye da giris ya ɗaure. Na yi sa'a na tsinci DMR V8 ta da a cikin tarin kayan gwanjo, irin mai ɗan ramin ɗura giris a jiki. Nauyi gare ta, ba ƙarya, amma duk ƙurar hunturu ba ta kashe ta ba. Ƙusoshi biyu da suka ɓata, mai sayar da noti ya ba ni ƙananan sukurori masu tiredi iri ɗaya na maye.

Kuma abin da Aunty Ummi ba ta faɗa ba: a tirayal fedar da ba ta juyawa da sauri ma ta fi. In ka cire ƙafa ka dawo, kana so ka same ta a kwance inda ka bar ta, ba tana ta wulwulawa ba. Ni da gangan nake cika giris mai kauri.

Wanda zai saya a gwanjo ya lura da kaurin bakin sandar da ake ɗaurawa a keke. Yawancin kekuna inci 9/16 ne, amma na yara da wasu tsofaffin BMX rabin inci ne. Da ido kusan ɗaya suke, a gida za ka gane ba ta shiga.

Ummi_inci24

ƊanTudu wannan gaskiya ne, ni ma tawa ba na son ta yi sakwaf.

Yaya Auwal, tunda rabi da rabi ne kuma yanzu kake koyo, ni dai mai faffaɗar fuska zan ce, mai ɗan kwari a tsakiya. In ka ji riƙon bai ishe ka ba, cire ƙusoshin tsakiya ka bar na gaba da na baya, takalmin zai lotsa kusan yadda Kawu ya kwatanta a keji. In kuma ya yi yawa, ana sa 'yan zobban ƙarfe (washa) a ƙarƙashin ƙusar ta rage tsawo. Keji ba ta ba ka wannan damar.

Kawu_Ɗanlami

Ban ƙi ba, amma zan ci amanar abin da na gani in ban faɗa ba: ran da ya fara zuwa gasa a kan jiƙaƙƙun duwatsun Ingila, zai dawo neman keji. Ya kuma san dokar gasar da zai shiga. A tsarin UCI, wato hukumar tseren keke ta duniya, jingina feda a kan dutse laifi ne da ake ƙirgawa, a tsarin BIU kuwa, wato ƙungiyar wasan tirayal ta ƙasa da ƙasa, an yarda ka dafa da feda ko da farantin da ke kare ƙarƙashin keken. Masu bin na biyun fedarsu tana shan duka fiye da kima, su ne suka fi jin daɗin kejin da ake canzawa.

Injiniya_Bala

Ko wacce ka ɗauka, wajen ɗaurawa ake yin ɓarna. Ta hagu tiredinta a juye yake, ana ɗaure ta ne ta hannun hagu, kuma za ka ga L da R a gindin sandar. Shafa giris a tiredin, fara da yatsu har ta shiga zagaye uku ko huɗu ba gardama, sannan ka kawo sifana mai lamba 15 ko alanki 6 ko 8, gwargwadon irin fedar. In ta yi tauri tun zagayen farko, tsaya ka fitar, don hannun da ake ɗaura fedar a jikinsa alminiyom ne, sanda kuma ƙarfe, kuma hannun keken tirayal ya fi fedar tsada nesa ba kusa ba. Ƙusoshin kuma ka ɗiga musu gam ɗin tiredi na Loctite mai shuɗi, ba ja ba, ka sake bin su da alanki bayan fitarka ta farko.