An binne ta kafin azahar, ta ina ɗan sanda zai fara?

Malamin Firamare (Ringim):
Salamu alaikum. Ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, na maƙale a kashi na huɗu. Yarinya ce 'yar shekara 15, mai tallan awara, aka tsinci gawarta da asuba a kududdufin bayan gari inda ake haƙar ƙasar gini. Farantinta a kife a bakin ruwa, silifas ɗinta a jere kamar wadda za ta shiga masallaci. Kun san garuruwanmu, kafin azahar an yi mata wanka, an sallace ta, an kai ta. Wasu na cewa kwana ne ya ƙare, wasu na cewa aljanin ruwa. Ɗan sandana ya iso bayan la'asar, babu gawa. Me zai kama? Ba na son irin na finafinan Amurka, a tsinci silin gashi ɗaya a gano mutum.

Tsohon Sufeto:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka kai shi gidan mamaciya kai tsaye, sai ya bi ta wurin mai unguwa, in ba haka ba ko ruwa ba za a ba shi ba. Maganar kisa kuma ba ta ƙarewa a ofishin DPO, sashen binciken manyan laifuka na Dutse ake miƙa wa. Tone kabari sai da umarnin kotu, kuma likita ne zai duba gawar. Amma wasanka yana wurin uban, ranar da zai ce "na bar wa Allah, ba mai taɓa min kabarin 'ya." In an kama wani, majistare tsare shi kawai zai sa a yi. Babbar kotu ce ke sauraron tuhuma a ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code, wato sashen kisan kai na dokar hukunta laifuka, bayan ma'aikatar shari'a ta ba da shawara.

Ungozoma (Gaya):
Ku maza kun manta da wadda ta yi wankan. Ita ce ta ga wuyan yarinyar, ta ga ko farce ya karye, ta ga ko farar kumfa na fita ta hanci da baki, irin ta wanda ya nutse da ransa. Sai dai tsohuwar ba za ta gaya wa mai kaki ba, don an hore mu da rufa asirin mamaci. Sa ta suɓutar da maganar ran sadakar uku, a gindin murhu, tana tuƙa tuwo.

Ɗan Kwadon Zogale:
Ni silifas ɗin nan ne suka tsaya min a rai. Wanda santsi ya kwasa yaushe ya samu sukunin jera takalmi? Kuma Malam, wane wata ne? In a watan Maris ne, kududdufin garinmu ko gwiwar akuya ba ya kaiwa.

Malamin Firamare (Ringim):
Kash, a rani na sa labarin, ban ma lura ba! Ba zan gyara ba, ɗan sandan zan sa ya naɗe wando ya shiga ruwan a gaban dagaci. Inna Ungozoma, Allah ya saka da alheri, tsohuwar nan ta samu kashi na biyar gaba ɗaya.