Yadda za a ceci tsofaffin kaset-kaset na waƙa

Jiya da yamma a rumfar wani mai gyaran rediyo a Gusau, hira ta kai ga kaset-kaset da iyayenmu suka bari cike da waƙoƙin Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda zafi ne babban abokin gabar kaset. Kada a bar shi a mota ko ƙarƙashin rufin kwano da bazara, kada kuma a ɗora shi kan lasifika, domin maganaɗisun da ke ciki yana cinye sautin a hankali. Mai gyaran ya fi tsayawa kan na'urar: kafin a saka tsohon kaset, a goge kan da ke karanta zaren da 'yar tayar robar da ke jan sa da auduga da ɗan sifirit, in ba haka ba rediyon ya tauna zaren. In zare ya saki, biro ya isa a naɗe shi. Wani dattijo ya ce a ɓalle ɗan harshen roban da ke saman kaset ɗin don kada yaro ya ɗauki wani sauti a kai ya goge waƙar. Na ga hakan ta faru a gidanmu, har yau ina jin zafinsa.

Kaset ɗin nan kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zarensa kuwa yana tsufa. Shi ya sa matasan da ke rumfar suka nace a kwafe sautin cikin kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da garin da aka ɗauka, tun masu tunawa suna raye.