Me kuka karanta, kuma me kuke yi yanzu?

Yayar Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata za ta cike fom ɗin JAMB, Baba na so ta zaɓi tattalin arziki, ita kuma jinya take so. Don Allah wanda ya gama karatu ya faɗa mana abin da ya tarar, kuma aikin da yake yi cikakke ne ko na rufin asiri.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam Yaya. Tattalin arzikin na karanta. Bayan bautar ƙasa na shiga N-Power, dubu 30 a wata, ina koyarwa a firamare har aka sallame mu. Yanzu POS nake yi a bakin tasha, daga bakwai na safe zuwa bayan isha'i, har Lahadi. Awannina sun fi na ma'aikacin gwamnati, amma da na je neman aure kawun yarinyar ya tambaye ni, "To yaushe za ka samu aiki?" Maganar nan har yau tana ci min rai.

Maman Khalifa: Jinya na yi, ban yi wata biyu a gida ba wani asibitin kuɗi ya ɗauke ni. Sai dai ba takardar ɗauka, ba fansho, ba hutun haihuwa. Na koma kwanan dare jaririna bai cika kwana arba'in ba. Ku bar ta ta yi jinyar, amma ta san wannan.

Malam A.: Ku lura da yadda ake ƙirgawa. A da, sai mutum ya yi awa 40 a mako Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke ce masa mai cikakken aiki, ƙasa da awa 20 kuwa marar aiki ne. A 2023 ta koma ma'aunin awa ɗaya a mako, sai rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 zuwa 4.1 cikin ɗari. Ni lissafi na karanta, darasin gida nake yi wa yara uku da la'asar, kuma a ƙididdigar nan ina cikin masu aiki.

Yayar Ummi: Allah ya saka da alheri. Maman Khalifa, in ba damuwa zan haɗa ki da ita ku yi magana kafin a rufe fom.